Yadda ake taya yaro wasan "a ce" don wayonsa ya buɗe

A kusan kowane gida a Tawa akwai wani lungu da yara suka mayar nasu, ko bayan rumbu ko gindin bedi. In ka leƙa za ka tarar an ɗora gwangwanin tumatir kan duwatsu uku, an cika shi da rairayi, yarinya ƴar shekara uku tana tuƙawa da sillen kara, ga tsumma ɗaure a bayanta tana jijjigawa. Gefe guda ƙanenta ya hau karan dawa yana sukuwa. Kalmar da za ka fi ji a bakinsu ita ce "a ce": a ce ni ce inna, a ce wannan shinkafa ce, a ce dare ya yi.

Wannan wasa aiki ne babba ga ƙwaƙwalwar yaro. Mai hawan dokin kara ya san kara ne a hannunsa, kuma a lokaci guda ya ɗauke shi doki. Riƙe abu biyu a kai haka, wani yana tsaye a madadin wani, shi ne zai buƙata ranar da aka ce masa wannan baƙi sunansa "ba", ko wannan lamba tana nufin awaki uku. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, ya sa irin wannan wasa cikin manyan alamun da ke bayyana yayin da yaro ke dosar shekara biyu. Lev Vygotsky na Rasha, a wata lacca ta 1933, da sanda da doki ya kafa misali, ya ce a nan ne tunani ke fara rabuwa da abin da ido ke gani.

Kada dai a zuzuta. A 2013 masaniyar halayyar yara Angeline Lillard da abokan aikinta sun bi diddigin binciken da aka tara na shekaru, suka ga hujjar cewa wasan shi kaɗai ke ƙara basira ba ta da ƙarfi sosai. Abin da ya tabbata shi ne amfanin wasa tare da babba mai kula da magana. A birnin Kinston na Jamaika, daga 1986, an bi yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya kan ziyarce su awa ɗaya kowane mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin, abin da waɗannan yara ke samu a sana'a ya fi na waɗanda ba a yi wa ziyarar wasa ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Saboda haka aikin babba shi ne ya tanadi kaya da wuri da lokaci, ya shiga wasan a matsayin ƙarami, ya ƙara taki ɗaya tak kan inda yaron ya tsaya.

A fara gane inda yaron ya kai

A shimfiɗa tabarma, a ajiye kofi, cokali, ƴar tsana da guntun icce mai santsi. A zauna kusa, a yi shiru minti biyu ko uku ana kallo. Abin da yaron ya yi da kayan shi zai nuna matakinsa.

In yana bubbuga su, yana kai su baki, yana jefarwa, bai shiga "a ce" ba tukuna, kuma haka ya dace da wanda bai cika shekara ba. Tsakanin wata 12 da 15 zai ɗaga kofi wanda ba komai ciki ya kurɓa, ko ya kwanta ya rufe ido yana murmushi. Kansa yake yi wa. Wajen wata 18 zai juyo da cokalin zuwa bakin uwarsa ko bakin ƴar tsana. Daga nan zuwa shekara biyu sai musanya ta shigo: guntun icce ya zama salula a kunne, takalmi ya zama mota. Ɗan shekara biyu zuwa uku yana jera ayyuka: ya dafa, ya zuba, ya ciyar, ya kwantar. Daga uku zuwa huɗu ana raba matsayi da sauran yara, muryar ma tana sauyawa, "baba" ya yi kauri, "jariri" ya yi tsiwa. Ƴan biyar da shida kuwa sukan ɓata lokaci mai tsawo suna tsara wasan kafin su fara, wa zai zama wa, ina ne gida, ina ne tasha. Wannan gardamar kada a katse ta, cikinta ake koyon shiri da sulhu.

Waɗannan watanni kimantawa ce. Yaro ya riga ko ya makara da wata biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, musamman bakwaini.

Akwai ƙaramin gwaji mai daɗi ga ɗan shekara biyu da ƴan watanni, irin wanda masu bincike Paul Harris da Robert Kavanaugh suka wallafa a 1993. A ajiye ƴan tsana biyu. A ɗauki butar shayi wadda ba komai ciki, a karkata ta kan ɗaya, a ce: "Ayya, ta jiƙe! Goge ta." A miƙa masa tsumma. In ya goge wadda aka "zuba" wa, to ya bi sawun shayin da babu shi, ya san inda ya zuba da abin da ya haifar.

Kayan da za a tara

Ba sai an kashe ko dala ba. A nemi kwali ɗaya mai ƙarfi ya zama ma'ajiya. Ga wanda bai kai shekara uku ba, waɗannan sun isa: kofi biyu na roba, babban cokali ko ƙaramin ludayi biyu, ƙaramar ƙwarya ɗaya, ƴar tsana ɗaya, tsumma wankakke uku, guntayen icce huɗu ko biyar da aka goge kaifinsu. Daga shekara uku a ƙara murafen kwalba ashirin zuwa talatin, gwangwani biyar ko shida, faifai, karan dawa, laka, tsohon zane, kallabi, tsohuwar hula, jaka da takalman manya da aka daina sawa. Hula ɗaya kan mayar da ɗan shekara huɗu alhaji na tsawon yini.

Ƙa'idar zaɓe ita ce: ƙaramin yaro yana buƙatar abu mai kama da na gaske, babba yana buƙatar abu marar kama da komai. Wata mai bincike, Greta Fein, ta nuna a 1975 cewa ƴan shekara biyu suna iya shayar da dokin wasa in an musanya abu ɗaya, kofin ko dokin, amma in aka musanya duka biyun sai yawancinsu su kasa. Don haka a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. Yau cokali na gaske da gwangwani a madadin tukunya. In ya saba, sai a ɗauke cokalin a ba shi kara.

Ƴar tsana: a yanki tsumma santimita 40 tsawo da faɗi. A dunƙule wasu tsummokaran kamar dunƙulen hannun yaro, a sa a tsakiya, a naɗe, a ɗaure wuya da tsirin ƙyalle, a bi da allura a ɗinke ɗaurin don kada ya kwance. A murɗa wani ƙyalle mai tsawon santimita 20, a ɗinke shi a gicciye ƙarƙashin wuya ya zama hannuwa. Ido da baki da zare za a yi su. Maɓalli da duwatsun ado suna cirewa su tafi baki ko hanci. In ta ƙashin ƙafar rago za a yi irin ta kakanni, a tafasa ƙashin, a kankare, a shanya ya bushe sarai. Mai shakka ta fuskar addini ya tuna ya zo a hadisi ingantacce cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Dokin kara: a zaɓi karan dawa busasshe wanda tsawonsa ya kai ƙirjin yaron, a ɓare ɓawon da ya tsage domin yana yanka kamar reza, a naɗe kan da tsumma. Linzamin kada ya wuce taƙi ɗaya. Igiya mai tsawo tana zagaye wuya.

Gwangwani sai an daddaka bakinsa da guduma har ya kwanta, sannan a shafa tsumma a kai. In ya kama zare, da saura. Wanda ya yi tsatsa a jefar. Shanu da raƙuman laka kuwa a inuwa ake shanya su kwana biyu, rana kai tsaye tana tsattsaga su.

Maganar shaƙewa tana son a tsaya a kanta. A huda rami mai faɗin santimita 4 da rabi a jikin kwali. Duk abin da ya wuce ta ramin, ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne. Kuɗin ƙarfe na sefa duk suna wucewa, haka murfin kwalba, ƙwallon dabino, aduwa, magarya, gyaɗa da wake. Mafi haɗari shi ne ƙaramin batir mai faɗi irin na agogo da ƴan fitilu: in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone maƙogwaro cikin awa biyu, sai a ruga likita nan take, ba a jira a ga alama. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar piya-piya, maganin feshin gona, fetur ko kananzir ba ta zama kayan wasa ko an wanke ta sau goma. Leda ma a nisantar. Bokiti ko baho mai ruwa, ko kaɗan ne, ba a barin ɗan tatata kusa da shi shi kaɗai. Kowace safiya a zazzage kwalin kafin yaro ya sa hannu, saboda kunama.

Wuri da lokaci

A ware wuri ɗaya mai inuwa, nesa da murhu da rijiya da turken dabbobi, inda uwa za ta iya hangowa tana aikinta. A tankaɗe rairayi kamar tiya huɗu ko biyar a zuba a gefe, don a raba shi da kashin awaki da fasassun kwalabe. A bar wurin yadda yara suka tsara shi. In kullum ana share "gidansu" da yamma, gobe sai sun sake daga farko, wasan ba zai yi zurfi ba.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ƙasar Adar, yankin Tawa, ke haura digiri 40, a sa wasan da hantsi ko bayan la'asar, da ruwan sha kusa. Ƴan uku zuwa shida suna buƙatar aƙalla minti 30 zuwa 45 ba aike ba kira, domin mintunan farko duk a tsari suke tafiya. Yaron da ake aika sayen magi kowane minti goma ba ya wuce matakin jera gwangwani. Shigar babba kuwa minti 10 zuwa 15 a yini ta wadatar, in dai kullum ce. Bayan wasa a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Yadda babba zai shiga

Nan ne aka fi kuskure, don haka a bi a hankali.

A fara zama ƙasa, ido ya daidaita da na yaro. A kalla minti ɗaya ko biyu har a gane labarin da yake ciki. Sai a kwaikwayi abin da yake yi: yana tuƙi, a ɗauki kara a tuƙa. Sannan a faɗi abin da ake gani da gajeriyar magana: "Kina tuƙa tuwo. Ya yi kauri." Daga nan a yi shiru, a ƙirga har biyar a zuci. Wannan shirun shi ne wurin da yaro ke haɗa amsarsa, kuma manya da yawa ba sa iya jure shi, sai su cike shi da tambaya. In ya amsa, da baki ko da hannu, a ƙara abu ɗaya.

Ga misali da ƴar wata 22 da ke ba ƴar tsana abinci. Uwa ta ce: "Tana ci. Kai, da zafi! Hura mata." Ta hura sau ɗaya ta nuna, ta jira. In yarinyar ta hura, taki ya samu, a tsaya nan yau. Gobe a ƙara wanke baki, jibi goyo. In ba ta hura ba, a koma abin da take yi, a sake gwadawa bayan kwana biyu.

Matsayin da babba zai ɗauka shi ne na mai buƙata: baƙo, mai saye, marar lafiya, fasinja. Yaro shi ne mai gida, mai kaya, likita, direba. Wanda ke riƙe da ragamar labari shi ke yin tunanin. In babba ya zama malami ko direba, yaro ya koma mai bin umurni, kuma wannan ya riga ya iya.

Hanya mafi albarka ta ƙara taki ga ɗan shekara uku zuwa sama ita ce kawo ƴar matsala a bar masa warwarewa. "Direba, taya ta yi faci, ga mu tsakanin Tawa da Ƙonni." "Inna, baƙi uku sun zo, kwano biyu ne." "Gishiri ya ƙare, kanti a rufe." Kada a ba da mafita. Ko ya ce a hau raƙumi, ko a ara wajen maƙwabta, duk daidai ne, sai a bi.

Wasu iyaye suna jin nauyi, musamman ga ɗan fari, wasu kuma suna tsoron wasa da yaro ya jawo raini. Al'adarmu ta riga ta buɗe wata ƙofa: kaka. Kakar da ke kiran jikanta "mijina" tana tambayarsa kuɗin cefane, ko take kiran jikanyarta "kishiya", wasan "a ce" take yi cikakke, kuma yaro yana gane wasa ne tun yana ƙarami. Inda uwa ke kunya, a ba kaka, goggo, ko yaya ƴar shekara takwas wannan aiki, a nuna musu jira da ƙara taki ɗaya. Uba kuma ko minti biyar ya zauna ya "sha" shayin da ɗansa ya dafa a murfin kwalba, ya ce "madalla, a ƙaro na biyu", girmansa ba ya raguwa.

Wasan kasuwa daki-daki

Wannan na ƴan uku da rabi zuwa shida ne, kuma ya fi sauran tara amfani wuri guda. In da hali a fara kai yaron kasuwar Lahadi sau ɗaya, a tsaya da shi gaban mai albasa ya ji yadda ake ciniki. Yaro ba ya kwaikwayon abin da bai gani ba.

A gida a shimfiɗa tsumma uku. Kan na farko tsakuwa manya a matsayin albasar Galmi, kan na biyu ganye, kan na uku rairayi da gwangwani a matsayin gero da tiya. Yaron da kansa zai faɗi me kowanne yake, in ya ce tsakuwar dabino ce, ta zama dabino. A ba mai saye murafe goma, mai sayarwa biyar na canji. Da farko murfi ɗaya kashi ɗaya, ba a wuce biyar.

In yaron ya saba da haka, sai a shigo da ciniki. Babba ya zo da sallama:

"Salamu alaikum, Hajiya, ina kasuwa?"
"Alhamdu lillahi."
"Albasa nawa kashi?"
"Uku."
"A bar mini biyu."
"Albarka."
"To, na saya uku. Ga su, ƙirga ki gani. A yi mini gyara."

A ajiye murafen ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunta, a bar ta ta taɓa kowanne tana ƙirgawa. Ƴar shekara uku takan rera "ɗaya, biyu, uku, huɗu" da sauri fiye da yadda yatsanta ke tafiya. Kada a ce ta yi kuskure, a ce: "Hajiya, mu sake ƙirgawa tare, kada in cuce ki." Bayan mako biyu ko uku, in ƙirgar ta zauna, a ba ta biyar a kan kayan uku a jira canji. Ga ƴan biyar da shida a shigo da bashi: "Rubuta, gobe in biya." A ba ta gawayi da guntun kwali. Duk zanen da ta yi, ko layi uku ne, gobe a tambaye ta nawa ake bin ka, ta duba ta faɗa. Ta yi amfani da alama don ajiye magana, wanda shi ne tushen rubutu. Lissafin dala, inda dala ɗaya take sefa 5, a bar shi sai ta shiga makaranta, yana rikita mai koyon ƙirga.

In yara sun kai uku ko huɗu, a ƙara matsayi: mai turin kura, mai shayi, mai gadi. Mai gadi ya dace da yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Wata mai bincike a Tarayyar Sobiyet, Manuilenko, ta nuna a 1948 cewa ƙananan yara suna daɗewa a tsaye cik in an ce su masu gadi ne a cikin wasa, fiye da in an ce kawai su tsaya. Matsayin ne ke riƙe su. A fara da minti ɗaya: "Malam mai gadi, tsare mini kayan nan in je masallaci in dawo."

Wasan likita gajere ne amma yana da rana. Kwana biyu kafin a kai yaro rigakafi, a bar shi ya yi wa ƴar tsana allura da sillen kara marar tsini, ya rarrashe ta. A gaya masa gaskiya cewa da ɗan zafi kuma yana wucewa. Sirinji na gaske, ko ba allura, kada ya shiga kwalin wasa.

Abin da kan lalace, da dalilinsa

In yaro ya tashi ya bar wasa da zarar babba ya zauna, galibi tambayoyi ne suka yi yawa. "Wannan wane launi ne? Nawa ne nan?" jarrabawa ce, kuma yana jin ta. A rage tambaya, a yawaita faɗin abin da ake gani.

In ya daina "a ce" a gaban mutane, a bincika ko an yi masa dariya, ko wani ya ce "kai, wannan ai dutse ne". Ya san dutse ne. Haka kuma kada a kira wasan ƙarya. Yaron da ya ce zaki ya shigo ɗaki yana wasa, wanda ya ce bai sha nonon ba alhali ya sha, wannan wata magana ce daban, kuma a raba su a bakin manya don su rabu a kansa.

In yana tsalle daga wannan abu zuwa wancan, kayan sun yi yawa. A bar biyar ko shida a waje, a ɓoye saura, a musanya bayan mako guda. Motar kanti mai batir da kiɗa takan ƙare a kallo, don abu ɗaya ta iya kuma ita ke yin sa. Kwali kuwa yau mota ne, gobe kanti, jibi jirgin Makka.

Salula tana cin lokacin wasa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Ta kuma ce ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini. Yaron da aka karɓe wa waya zai yi rigima kwana biyu ko uku, a waɗannan kwanaki ne ya fi buƙatar a zauna da shi kan tabarma.

Faɗa kan matsayi, kowa yana son zama inna ko direba, ba a kashe shi da tsawa. A ƙara matsayi mai daraja, kamar kaka ko mai sayar da tikiti, ko a sa sauyi: in mota ta isa Tabalak, direba ya sauka wani ya hau. Ƙaramin da kullum ake mayarwa jariri a riƙa ba shi aikin da ke da magana.

Maimaita wasa ɗaya kullum ba laifi ba ne in labarin yana ɗan sauyawa. Wasan kokowa da na soja ma haka, muddin fuskoki a sake suke kuma kowa yana iya cewa ya isa. Amma yaron da ya ga abin tsoro, ya koma maimaita shi a wasa ba sauyi, fuska a ɗaure, ga firgita cikin barci, wannan yana buƙatar a zauna da shi, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya. Haka in wasan ya nuna sanin al'amuran manya na kwanciya da bai dace da shekarunsa ba: kada a doke shi, a tambaya a hankali, a binciki waɗanda yake zama da su.

Abokin da ba a gani yana tayar wa iyaye hankali, har a fara zancen iska. Binciken Marjorie Taylor a Amurka, na 2004, ya samu kusan kashi 65 cikin ɗari na yara sun taɓa yin irin wannan aboki kafin su wuce shekara bakwai. In yaron ne ke juya abokin, yana jin daɗi, yana kuma wasa da sauran yara, a ƙyale shi. In tsoronsa yake ji, ko yana ɗauke wuta yana ƙura ido ba ya amsa kira, a kai shi likita.

Sai yarinyar da goyon ƙane da talla suka cinye wa yini. Ƴar shekara biyar mai goyon gaske ba wasa take ba, aiki take. A sauke mata, a ba ta nata minti 45. Namiji kuma in ya goya ƴar tsana ko ya tuƙa tuwon ƙasa, a bar shi, abin da ya fi gani a gida yake juyawa a kansa.

Lokacin da za a nemi likita

Yaron da ba shi da ƙarfi ba ya wasa. In mai wasa ya koma zaman shiru, a fara duba jiki: zazzaɓi, farin ido da tafin hannu na ƙarancin jini, rama. A awon dantse na yara masu wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 12 da rabi tamowa ce, ƙasa da 11 da rabi mai tsanani ce. Ko a wajen jinyar tamowa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa da wasa na minti 15 zuwa 30 kowace rana da zarar yaro ya fara farfaɗowa.

A je likitar unguwa ba tare da jinkiri ba in yaro ya cika wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, ba ya bin inda aka nuna masa da ido, kuma ba ya ko kurɓar kofin wasa. Haka in ya cika shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko wasansa duk jera kaya ne da juya taya ba labari, ko ya rasa magana ko wasan da ya riga ya iya, a kowane shekaru. Waɗannan na iya zama alamun larurar da likitoci ke kira otizim, suna kuma iya zama rashin ji, musamman bayan sanƙarau ko kunne mai zubar da ruwa. A tafi da katin awon yaron, a faɗa wa ma'aikacin abubuwa uku: watan da aka fara lura, abin da yaron ke yi in an ba shi kofi da cokali da ƴar tsana, da ko yana waiwayowa in an kira sunansa daga baya da murya ƙasa-ƙasa. A roƙi a duba kunnensa tun a zuwan farko.